Yadda Jami'a Ke Zaɓen Masu Digirin Girmamawa, Da Rabon Mata A Ciki

Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada, Zariya

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako wata tambaya ce da wata yarinya 'yar aji biyar ta yi mini, ta kuwa tsaya mini a rai. Muna darasin sana'o'in gargajiya ne, sai na zaro takardar Naira 20, na juya bayanta, na nuna musu hoton matar nan da ke aikin tukunya. Na ce da su wannan ita ce Dakta Ladi Kwali, kuma jami'armu ta nan Zariya ce ta ba ta wannan daraja. Sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, a wane asibiti take aiki?" Aji ya kwashe da dariya. Da na bayyana mata cewa Ladi maginiyar tukwane ce, don gwanintarta aka girmama ta, sai ta sake cewa, "To Malama, wa ya zaɓe ta? Innata ma ta iya ɗinkin faifai ƙwarai, ita ma za a ba ta?"

Na rasa amsar da zan ba ta a ranar. Ni dai abin da nake da shi 'yar takardata ce ta malanta, Giredi Tu, ban taɓa zama ɗalibar jami'a ba, ko da yake kullum nakan bi ta ƙofar Kongo in zan tafi aiki. Amma na ga bai kamata malama ta bar tambayar ɗaliba ta faɗi ƙasa ba, saboda haka na yi ta bin diddigi, na tambayi waɗanda suka san aikin jami'a, na haɗa da abin da aka buga a jaridu. Abin da na samo shi ne na kawo muku.

Mene ne digirin girmamawa?

Digiri na sosai karatu ake yi masa. Yaro ya shekara huɗu ko biyar kafin ya sami na farko, ya koma ya yi na biyu, sa'an nan ya yi bincike mai zurfi na wasu shekaru ya rubuta kundi, manyan malamai su yi masa tambayoyi, kafin a kira shi Dakta. Shi kuwa na girmamawa babu aji, babu jarrabawa. Jami'a ce take duban wani mutum ta ce aikin da ya yi wa jama'a a rayuwarsa ya kai a sa masa rigar malamai da hularsu. Galibi iri uku ne: na fannin shari'a, da na adabi, da na kimiyya. Ba a biyan albashi a kansa, ba a kuma neman aiki da shi. Yabo ne kawai, amma yabo ne daga gidan ilmi, shi ya sa yake da nauyi.

Hanyar da suna ke bi

A jami'o'in gwamnati na ƙasar nan, irin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962, suna yakan bi matakai kafin ya kai ranar biki.

Da farko akan nemi sunaye. In lokacin bikin ba da digiri ya gabato, sassan jami'a da manyan malamai da 'yan hukumar gudanarwa su ne yawanci ke kawo sunan wanda suka ga ya cancanta, tare da tarihinsa a rubuce da dalilin da ya sa suka kawo shi. Mutum ba ya neman abin da kansa, kuma a ƙa'ida bai kamata ma ya san ana maganarsa ba.

Na biyu, sunayen su tafi gaban wani ƙaramin kwamiti na musamman, wanda shugaban jami'a ke cikinsa tare da wakilan malamai da na hukumar gudanarwa. Nan ake tankaɗe. Za a duba abin da mutum ya aikata, da halinsa, da ko akwai wani abin kunya da zai iya shafar sunan jami'a. A asirce suke zamansu, kuma wannan yana da dalili mai kyau, don kada a kunyata wanda aka kawo sunansa bai sami shiga ba.

Na uku, waɗanda suka tsallake a kai su Majalisar Malamai, watau Sanat, inda shehunan malamai da shugabannin sassa ke zama. Su ne masu riƙe da martabar kowane digiri da jami'a ke bayarwa. In sun yarda sai su miƙa shawararsu ga Hukumar Gudanarwa, wadda ta ƙunshi mutanen da gwamnati ta naɗa da wakilan malamai da na tsofaffin ɗalibai. Sai ita ma ta amince sa'an nan a rubuta wa mutumin wasiƙa a tambaye shi ko ya karɓa.

Daga ƙarshe ranar biki wani malami mai iya magana zai miƙe, kamar sanƙira a fada, ya karanta ayyukan mutumin a gaban jama'a, sa'an nan Uban Jami'a ya tabbatar masa da digirin. Uban wannan jami'a tamu na farko shi ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda take ɗauke da sunansa.

Idan kun lura, 'yan'uwa, tsarin ba shi da laifi a takarda. Rariya ce har hawa uku. Amma kowace mace ta san rariya ba ta tankaɗe abin da ba a zuba mata ba. Kwamiti yana zaɓe ne daga cikin sunayen da aka ajiye masa a kan tebur. Wanda ba a kawo sunansa ba, ko da ya fi kowa aiki, ba a ma ƙi shi ba, ba a dai san da shi ba ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lokacin da rariya ta yi aikinta

Yabon gwani ya zama dole. Wannan jami'a ta yi zaɓen da har gobe ake alfahari da shi, kuma labarin Ladi Kwali ne babban misali.

An haifi Ladi a garin Kwali a ƙasar Gwari wajen 1925. A hannun iyayenta mata ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama, tana gina randuna da tuluna tana yi musu zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa, a nan ne wani Bature maginin tangaran mai suna Michael Cardew ya gan su. Baturen ya buɗe makarantar koyon ginin tangaran a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Ladi kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna kayanta a birnin Landan, ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban Turawa suna kallo. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984, kuma tun 2007 hotonta ke bayan takardar Naira 20.

Ku duba wannan zaɓe da kyau. Mace ce, 'yar ƙauye, ba ta yi boko ba, ba ta riƙe da muƙami, ba ta da kwangilar da za ta ba kowa. Babu abin da jami'a za ta samu a wurinta. Wani ne a cikin malamai ya ga aikin hannunta ya ce wannan ma ilmi ne, ya rubuta sunanta, ya tsaya a kai, sauran kuma suka yi adalci.

Ba ita kaɗai ba ce. Jami'ar ta girmama Alhaji Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya mai waƙoƙin Imfiraji waɗanda iyayenmu mata suka haddace. A 1985 ta ba Nelson Mandela digirin shari'a alhali yana kurkuku a Afirka ta Kudu, shekara biyar kafin a sake shi, lokacin da babu wanda ya san zai fito da rai balle ya yi mulki. A 1988 kuma ta ba Alhaji Mamman Shata. Maginiya, da makaho, da fursuna, da makaɗi. Duk wanda ya ga wannan jeri ya san aiki aka duba.

Inda ruwa ya fara tsami

To amma ruwa ba ya tsami banza. Da jami'o'i suka yawaita a ƙasar nan, kuɗin gudanar da su kuma ya yi ƙaranci, sai wata ɗabi'a ta shigo. Aka wayi gari kusan kowane biki sai ka ga gwamna mai ci, ko minista, ko attajirin da ake sa ran zai yi alkawarin gini, su ne ke sanye da jar riga. Wasu wuraren ma da ba jami'o'i ba ne suka shiga raba takardun a ɗakin taro na otal. Jama'a suka fara cewa digirin ya zama na sayarwa.

Kada mu ƙi faɗin gaskiya, jami'a tana da uzurinta. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika sun batse, ɗakunan gwaji suna bukatar kaya, kuma mai kuɗin da ya gina wa 'ya'yan talakawa wurin kwana lalle ya yi abin kirki. Amma akwai hanyar gode masa: a sa wa ginin sunansa, a yi masa addu'a. In aka haɗa kyauta da digiri a faifai ɗaya, to an shiga abin da Hausawa ke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da jami'arsa ta karɓi gini a hannun mutum, da wane baki zai ce mutumin bai cancanta ba?

Shi kuwa mai muƙami, matsalarsa ita ce bai gama aikinsa ba tukuna. Jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya ta ba Robert Mugabe na Zimbabuwe digirin girmamawa a 1984, yana kan mulki ana ta yabonsa. A 2007 sai da ta zauna ta janye abinta saboda abubuwan da suka bayyana game da mulkinsa. Da ta yi haƙuri ta jira, da ba ta sha wannan kunya ba.

Shugabannin jami'o'in Nijeriya da kansu sun ga ɓarnar. A 2012 suka taru a Keffi ta Jihar Nasarawa suka yi yarjejeniya cewa kada a ƙara ba mai riƙe da muƙamin siyasa digirin girmamawa yana kan kujera, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, kada a wuce mutum uku a biki ɗaya, kuma jami'ar da ba ta kai ga koyar da digiri na uku ba kada ta bayar da na girmamawa. Magana ta yi kyau, sai dai yarjejeniya ce ba doka ba, da yawa kuma suka yi ta karya ta. A watan Nuwamba 2025 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta bayyana cewa bincikenta ya gano wurare 32 da ke raba irin wannan digiri ba da izini ba, ta sake jaddada hani ga masu muƙami, ta kuma ce wanda aka ba na girmamawa ya daina sa "Dakta" a gaban sunansa.

Wannan magana ta ƙarshe ta shafe mu mata ƙwarai. Yarinyar ajina da ta ɗauka Ladi likita ce ba wauta ta yi ba. Mata nawa ne a ƙauye da birni za su ga allo an rubuta Dakta wane, su ɗauki yaro mai zazzaɓi su kai masa? Su Shata da Namangi ba su taɓa ruɗin kowa ba, kowa ya san sana'arsu. Amma da sunan ya yi araha, masu mugun nufi sun sami mafaka a cikinsa.

Ashe malamai na iya cewa a'a

Kada a ce ai ba yadda malamai za su yi da masu mulki. A Ingila, Jami'ar Okusfod ta saba girmama firayim ministocin da suka yi karatu a cikinta. A 1985 aka kawo sunan Misis Margaret Thatcher, tana kan mulki, ita ma kuma tsohuwar ɗalibar wurin ce. Malamai suka taru suka jefa ƙuri'a, 738 suka ƙi, 319 suka yarda, saboda gwamnatinta ta rage kuɗin ilmi. Ba a ba ta ba, kuma ba a rufe jami'ar ba. Akwai ma manyan jami'o'i a Amurka, irin su Cornell da Stanford, da ba sa ba da digirin girmamawa sam, darajarsu kuwa ba ta ragu ba.

Darasin shi ne, kowane hawa na rariyar nan an sa shi ne don ya iya tare tsakuwa. Majalisar da ba ta taɓa mayar da suna baya ba, tambari kawai take bugawa.

Ina rabonmu?

Yanzu mu dawo kan maganar da na ce ku riƙe. Duk wadda ta saba ganin hotunan bikin jami'o'inmu a jarida ta san yawancin masu sanye da rigar girmamawa maza ne. Ba na zargin kowa da mugunta. Abin da ke faruwa shi ne mutum yakan kawo sunan wanda ya sani. Masu kawo sunaye yawancinsu maza ne, abokan hulɗarsu maza ne, waɗanda ake bugawa a jarida kullum maza ne. Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, daga Norman Alexander da ya fara shugabancinta a 1962, da Ishaya Audu da ya gaje shi a 1966, har zuwa wanda aka naɗa a 2025, duka maza ne. Ko a Ingila, sai a 1948 Jami'ar Kambirij ta fara ba mace digiri, matar kuwa matar Sarkin Ingila ce.

Aikin mace kuma irin wanda ba a rubutawa ne. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa ba ta da fayil. Malamar Islamiyyar da ta koya wa matan aure karatu a zaurenta shekara talatin ba ta da sakatare. Akwai wata tsohuwar malamarmu da ta koyar shekara 35, ta bi gida gida tana roƙon iyaye su bar 'yan mata su gama firamare, cikin ɗalibanta yau akwai likitoci da alƙalai. Da ta yi ritaya ko taron ban kwana ba a yi mata ba, kuɗin sallamarta ma sai da ta yi ta sintiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhali kuwa ƙasar nan ba ta rasa mata abin koyi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru tana aika jajis ƙauyuka su koyar da mata, tun kafin a yi mafarkin jami'a a nan. A Zariyar nan muna da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda neman 'yancin mata, ta rasu a 2001, asibitin Ƙofar Gayan kuma yana ɗauke da sunanta. A kudu Jami'ar Ibadan ta girmama Misis Funmilayo Ransome-Kuti tun 1968. Irinsu suna nan da ransu a cikinmu yau, sai dai babu mai rubuta sunansu.

Abin da nake ba da shawara

Ga hukumomin jami'o'inmu, da ladabi nake roƙo abu uku. Na ɗaya, a ci gaba da ɓoye sunayen da ake tattaunawa, amma a bayyana wa jama'a ma'aunin da ake aunawa da shi, da lokacin da ake karɓar sunaye. Na biyu, a tabbata akwai mata a cikin kwamitin, kuma fiye da ɗaya, don mace ɗaya a cikin taron manyan maza sau da yawa kunya kan hana ta magana. Na uku, a raba ranar neman gudummawa da ranar girmamawa, a kuma tsaya kan yarjejeniyar Keffi ko da wa za a ɓata wa rai.

Mu kuma mata akwai namu aikin, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da ƙungiyoyi masu ƙarfi, irin su Jam'iyyar Matan Arewa, da FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan jinya. Kowace ƙungiya ta zauna ta zaɓi mace ɗaya ko biyu da aikinsu ya fito fili. A rubuta tarihinsu tsaf: ina aka haife ta, me ta yi, shekara nawa, mutum nawa suka amfana, su wa za su ba da shaida. Sa'an nan a miƙa wa 'yan'uwanmu mata shehunan malamai da ke zama a Majalisar Malamai a Samaru, ko a Kano, ko a Sakkwato, su shigar da shi ta hanyar da ta dace. In an ƙi bana, a sake kawowa baɗi. Ko ba a ba da digirin ba, tarihin ya shiga takarda, jikoki za su karanta.

Ga 'yan'uwana malaman makaranta kuma, mu fara daga aji. Mu sa yara su je gida su tambayi kakanninsu mata sana'arsu da tarihinsu su rubuto. Ni na gwada da ajina, abin da yaran suka kawo ya ba ni mamaki.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne yara suna kallo. Duk wanda jami'a ta sa wa riga, ta gaya wa yaranmu ne cewa ga irin mutumin da za ku zama. In kullum mai kuɗi da mai mulki suke gani, za su ɗauka ilmi ma bayan kuɗi yake bi, mu kuwa malamai wahalar banza muke yi da alli. In kuwa suka ga maginiyar tukwane ta hau dandamali shehunan malamai sun miƙe mata tsaye, yarinya za ta san aikin hannun uwarta ba abin raini ba ne.

Na koma wa ɗalibata da amsa. Na ce da ita wasu malamai ne suka zauna suka zaɓi Ladi, amma sai da wani ya fara kai musu sunanta. Na ce ta dage da karatu, wata rana ita ce za ta zauna a wannan kwamiti. Ta ce to in ta zauna sunan innarta za ta fara rubutawa. Na ce a'a, ba a kawo sunan dangi, wannan ma yana cikin abin da ya ɓata lamarin. Ta yi shiru, can ta ce to za ta rubuta na innar ƙawarta, ƙawar kuma ta rubuta na tata. Kun ji fa, 'yan'uwa, tun daga aji biyar! Lalle aikin gyara yana da yawa.

Allah ya ba shugabannin jami'o'inmu ikon yin adalci, ya shirya mana zuriya. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Wassalam.